Daga Bakin Murhu: Shinkafa Ta Sauka, Me Ya Hana Faranti Sauka?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan sun taru, kuma kusan rabinsu ƙorafi ne a kanmu masu sayar da abinci. Na zaɓi shida. Waɗanda suka turo tambayar yadda ake haɗa yajin tsire su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, shekara bakwai ina cin abincin rana a gidan abinci ɗaya. Da buhun shinkafa ya tashi a 2024 an ƙara mana kuɗin faranti har sau uku, muka yi shiru don mun san halin da ake ciki. To ga shi shinkafa ta sauka a 2025, amma faranti yana nan inda yake, naman ma ya koma kamar ƙwayar magani. Wannan ba zalunci ba ne?
Daga wani mai karatu a Hotoro, Kano.

AMSA: Malam, na ji zafin maganarka, kuma ba zan kare 'yan'uwana da ƙarya ba. Amma bari in shigar da kai kicin tukuna, in mun fito sai ka yanke hukunci.

Shekarata 19 a wannan sana'a. Da tebur ɗaya da benci biyu na fara a gefen wata tasha, yau ina da ma'aikata tara. Abin da mai ci ba ya gani shi ne, a farantin shinkafa da miya, ita shinkafar ce ƙaramar 'yar gida. A lissafina ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da farantin ya ci ba. Sauran yana wurin nama, da mai, da kayan miya, da wutar da aka dafa, da ruwan da aka saya wurin 'yan garuwa, da hayar shago, da albashin yarinyar da ta ajiye maka farantin ta kuma wanke shi bayan ka tashi.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, duk waɗannan suka tashi a tare. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Kwandon tumatir daga Kwanar Gafan ba da ƙafa yake zuwa 'Yankaba ba, sa daga kasuwar Wudil ba da ƙafa yake zuwa Abbatuwa ba. Kilon iskar gas ya wuce naira 1,000, da yawanmu muka koma gawayi, shi ma gawayin da ya ga an dawo gare shi sai ya ɗaga kai. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A daidai lokacin ne tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta sake faɗa wa gonakin tumatir. Na yi sati uku ina haɗa miya da busasshen tumatir da tattasai, in jiƙa su tun dare, in ƙara albasa mai yawa don ta kashe tsamin. Wani tsohon kwastomana ya ɗanɗana ya ce, "Hajiya, yau miyar ta yi tafiya mai nisa." Na ce masa daga bara ta taso.

Ka tuna a watan Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun fito titi a cikin birni saboda tsadar fulawa. Mutanen da suka gaji tanderu kaka da kakanni, ba ƙaramin abu ne zai fito da su zanga-zanga ba. Shekarar ta ci gidajen abinci da yawa. A layinmu kaɗai uku sun rufe, ɗaya yanzu shagon cajin waya ne.

To, shinkafa ta sauka, gaskiya ne. Gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, kaka ta zo, masara da gero ma suka yi sauƙi a Dawanau. Amma mai gidan haya bai rage ko sisi ba, mahauci bai rage ba, kuma ba zan kira yarana in ce tunda buhu ya sauka na zabge muku albashi ba. Wasu kuma har yanzu bashin 2024 suke biya wa 'yan kasuwar Singa. Wannan shi ne uzurinmu.

Ga inda uzurin ya ƙare. Lokacin tsananin, akasarinmu abu biyu muka yi a lokaci ɗaya: muka ƙara kuɗi a fili, muka rage ludayi a ɓoye. Na san wadda ta canja marar tuwo ta sayo ƙarama, malmalar ta rage amma siffarta tana nan. Na san masu yanka tsoka ɗaya gida biyu su ƙirga ta yanka biyu. Wanda ya yi haka, yau da hatsi ya yi sauƙi, ko bai taɓa farashi ba wajibi ne ya mayar da ludayin inda yake. Ni abin da na yi ke nan: farashi na bar shi, shinkafa da tuwo na mayar da su cikakku, na kuma dawo da ƙarin miya kyauta wanda na soke a 2024. Nama kuwa na raba shi da farantin gaba ɗaya, na rubuta kuɗin yanka a allo. Mai son ɗaya ya sayi ɗaya, mai son huɗu ya sayi huɗu, mai cin gaya da miya ba wanda zai kalle shi.

Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce, Malam. Ka sami mai gidan abincin da rana ta yi sanyi, bayan la'asar in layi ya watse, ka gaya mata tsakaninku. In mai hankali ce gobe za ka ga bambanci a farantinka. In ta ɗaga maka hanci, garin Kano ba a rasa tukunya.

TAMBAYA: Anti, ina wuni. Shekara biyu ina dafa abinci a gida ina tallatawa a WhatsApp da Instagram, alhamdulillahi ina samun oda, musamman ranakun Juma'a da azumi. Na ɗauki adashe, mijina ma ya ce zai ƙara mini. Ina so in kama shago a bakin titi in zuba kujeru masu kyau da fitilu irin na zamani. Me kika gani?
Daga wata 'yarki a Zariya.

AMSA: 'Yata, Allah ya sa albarka. Tambaya ɗaya zan yi miki, in kin amsa ta ba tare da kin kalli sama ba, je ki kama shagon: nawa farantinki ɗaya yake ci kafin ki ɗora riba?

Yawancin masu dafawa a gida ba su sani ba, kuma ba laifinsu ba ne. Gas ɗin na maigida ne, firjin na gida ne, ruwan na gida ne, ƙanwarki ce ke yanka albasa don Allah. Abin da kike kira riba, wani kasonsa aljihun mijinki ne. Ranar da kika shiga shago duk waɗannan za su zo da takardar kuɗinsu, su kuma taho da baƙi: haya ta shekara guda a dunƙule, ladan dillali, mai gadi, 'yan ƙaramar hukuma da rasit ɗinsu, duba-gari, masu harajin allon talla, mai kwashe shara.

Ga aikin da na ba ki na wata ɗaya. Sayi littafi mai bango mai tauri. Ki auna shinkafa kwano ɗaya ki dafa, ki ƙirga faranti nawa ta fitar da ludayin da kike zubawa kullum. Haka mai, haka nama, haka kaza. Ki sayi tukunyar gas taki ta sana'a daban, ki rubuta ranar da aka cika ta da ranar da ta ƙare. Ki yanka wa ƙanwarki lada, ki yanka wa kanki albashi. Robar zuba abinci da leda da cokali da ɗan tsinken sakace duk su shiga littafin, don su ne ɓerayen da ke cin riba ba a jin motsinsu. In wata ya cika, raba kuɗin hayar shagon da kike hange gida 12 na watannin shekara, sannan gida 26 na ranakun aiki a wata, ki ga faranti nawa za ki sayar kowace rana kafin ki biya mai shago kawai.

Batun fitilu da kujeru kuwa, na ga irinsu da yawa a Kano cikin 'yan shekarun nan. A buɗe da shagali, a gayyato masu ɗaukar bidiyo, wata uku ana layi ana hoto a jikin bangon furanni, wata na takwas ka ga kwaɗo a ƙofa. Mai zuwa don hoto sau ɗaya yake zuwa, in ya samu hotonsa ya wuce sabon wuri. Wanda ke riƙe gidan abinci shi ne mai zuwa Litinin zuwa Juma'a ya ci shinkafa da wake ya koma aiki. Ko manya ba su tsira ba, kin dai ji Shoprite ta rufe reshenta na Ado Bayero Mall a Janairun 2024.

Da ni ce ke, kuɗin adashen firiza zan saya da babbar tukunya da kuloli masu riƙe zafi, in yi rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC don in iya karɓar aikin ofisoshi da taruka, in nemi ɗalibai da ma'aikatan Samaru da Kongo da Shika masu biyan kuɗin abincin wata. Shago zai zo da kansa ranar da kicin ɗin gida ya yi miki kaɗan.

TAMBAYA: Hajiya, ina kula da wani ƙaramin otal mai ɗaki 24 a Kano. Kuɗin wuta da na dizal suna cinye kusan duk abin da muke samu, baƙi kuma sun ragu. Mai otal ɗin yana tunanin sayarwa. Akwai dabara?
Daga wani manaja.

AMSA: Alhaji, ni mai tukunya ce, amma shekara shida ina kai karin kumallo wani masauki irin naku, na ga abin da idona.

Masifarku ta fara ne a Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar layin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kan yunit ɗaya, daga baya aka ɗan sassauta zuwa 200 da 'yan kai. An yi alkawarin awa 20 a rana. Sai ga Oktoban shekarar, manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, aka yi fiye da mako guda cikin duhu. Ni a wannan makon na yi asarar naman firiza biyu, na raba wa ma'aikata da maƙwabta abin da ya rage tun bai juya ba. Ku kuwa janareta kuka kwana kuna ciyarwa da dizal na sama da naira 1,000 kan lita.

Ka yi wannan lissafin da kanka. Esi mai doki ɗaya da rabi yana shan yunit ɗaya da ɗoriya a awa. Baƙon da ya kunna shi awa goma ya sha wutar naira 2,000 zuwa 2,500, ban da hitar wanka. In kuwa ya fita kasuwar Kwari tun safe ya bar shi yana huci a ɗakin da ba kowa, ninka. Masaukin da nake kai wa abinci abubuwa uku suka yi. Suka sa makullin kati wanda in an zare shi wutar ɗaki ke ɗaukewa. Suka raba layin wutar gida biyu, fitilu da fanka da talabijin da famfon ruwa suka koma kan sola da batir, esi kaɗai aka bar wa kamfanin wuta na KEDCO da janareta. Na ukun shi ya fi ba ni dariya don ba ya cin ko kwabo: in baƙi takwas ne a daren, a hawa ɗaya ake jera su, a kashe ɗaya hawan ɗungurungum. Da can yaron kanta duk makullin da hannunsa ya faɗa shi yake miƙawa.

Raguwar baƙi kuma, kada ka ɗora wa kanka laifin duka. Rikicin masarauta da ya taso a Mayun 2024 ya sa ba a yi hawan Babbar Sallar shekarar ba, na Ƙaramar Sallar 2025 ma aka soke. Abin takaici, a tsakanin nan ne, Disambar 2024, UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake alfahari da su. Kwanakin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a da ɗaki wuya yake yi, ni kaina sai na ƙaro masu tuya biyu. Allah ya daidaita tsakanin manyanmu.

Sai dai otal mai ɗaki 24 ba zai rayu da Sallah biyu a shekara ba ko da ana hawa. Nemi baƙon da ke zuwa ko ana ruwa ko ana rana: ɗan kasuwar da ke tasowa daga Maraɗi ko Njamena ko Marwa sarin atamfa, masu jinya a asibitin Malam Aminu Kano da ke buƙatar ɗaki na sati biyu a farashi mai sauƙi, masu jiran jirgin Umara, masu baje koli na ƙarshen shekara a titin gidan Zoo. Waɗannan ba marmara suke nema ba. Ruwa a famfo, zanin gado mai ƙamshin sabulu, wurin salla mai tsafta, ƙofa mai kulluwa, da shayi mai zafi kafin ƙarfe bakwai. Ka je Kwari da kanka ka gaisa da masu shaguna, su ne ke gaya wa baƙonsu inda zai kwana.

Duk sanda aka yi zancen sayar da otal sai in tuna otal ɗin Durbar na Kaduna da aka gina don bikin al'adu na FESTAC na 1977, aka rushe shi a Janairun 2020, da na Bagauda da ya koma makarantar lauyoyi, da na Daula da muke leƙawa muna yara. Ka roƙi maigidanka wata shida, ka nuna masa takardar wuta ta kafin gyara da ta bayansa.

TAMBAYA: Hajiya, ni mai shayi ne. Sau uku a wata ɗaya ana cin indomi da ƙwai a nuna mini alat a waya, in duba daga baya ba kuɗi. Yaya zan yi?
Daga Gusau.

AMSA: Ɗana, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 muka shiga wannan rayuwa ta tiransifa, kuma ba fita za mu yi ba. Doka ɗaya ce: abin da wayar mai saye ta nuna ba shaida ba ne, abin da taka ta nuna shi ne kuɗi. Saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa, don haka manhajar asusunka za ka buɗe ka ga kuɗin ya hau. Ka ware asusu na teburin shayi kaɗai, irin su Moniepoint ko OPay da kuɗi ke faɗawa nan take, ka manna lambar a jikin gwangwanin madara. Baƙuwar fuska kuma ta biya kafin ka fasa ƙwai. Wanda ya ji haushin haka, da ma shi kake gudu.

TAMBAYA: Mun ci abinci a wani babban wuri a Abuja, farashin da ke takardar abinci daban, da aka kawo rasit sai ga ƙarin VAT da wani kuɗin hidima. Dole ne in biya?
Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya, abu biyu ne aka haɗa miki. VAT harajin gwamnati ne, kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, kafin nan kashi 5 ne, kuma dafaffen abincin babban gidan abinci yana cikin abin da ake cajinsa. Wasu jihohin suna da nasu harajin na otal da gidajen abinci, Legas ta fara karɓar kashi 5 a 2009. Kuɗin hidima kuwa ba na hukuma ba ne, gidan ne ya yanka, wai don ma'aikata. In an rubuta shi a takardar abinci kin gani kafin ki yi oda, kin amince ke nan. In ba a rubuta ko'ina ba, kina da bakin magana, don dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ce a bayyana wa mutum farashi tun kafin ya saya. Ni dai in na je irin wuraren nan nakan tambayi yaron da ya kawo abincin a hankali ko kuɗin yana isowa hannunsu. Amsar da na fi samu murmushi ce, shi ya sa nake damƙa masa nasa a tafin hannu.

TAMBAYA: Yaya, kukun da na koya wa aiki shekara biyar ya ajiye aiki, ya buɗe nasa wurin a layin bayanmu, har kwastomomina sun fara binsa. Zuciyata ta ƙi sanyi. In kai shi ƙara wurin mai unguwa?
Daga wata 'yar'uwa a Katsina.

AMSA: Ƙanwata, in ya tafi da tukunyarki ko kuɗinki, kai shi. In hannunsa kawai ya tafi da shi, me za ki ce wa mai unguwa?

Ya faru da ni. Yarinyar da ta fi kowa iya tuyar masa a wurina, wadda na ɗauka tun tana wanke-wanke, ta tashi wata Asabar ta ce za ta fara tata. Kwana uku ban amsa gaisuwarta ba. Da na zauna na duba littafi sai na ga shekara biyu ban ƙara mata ko naira ba, a shekarun da kuɗin adaidaita daga unguwarsu ya ninka. Gwamnati ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a Yulin 2024, kuma duk da dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, yaranmu suna da kunne, suna kuma zuwa kasuwar da muke zuwa.

Ki duba waɗanda suka rage miki tun kafin su ma su fara leƙen layin baya. Kada kuma ki sake barin miyar gidanki a hannun mutum ɗaya, ki tsaya a kan tukunya da kanki ki koya wa biyu. Kwastoman da ya bi shi zai dawo ya gwada ki ko sau ɗaya ne, ki tabbata ranar ya tarar da abin da ya sani.

Tawa yarinyar, ranar da ta buɗe na aika mata da tsohuwar tandar masa mai gida 12 da ba na amfani da ita. Yanzu in an ba ni aikin biki da ya fi ƙarfina, ita nake kira ta ɗauki masar, ni in riƙe miyar taushe. Watan jiya ma mun yi na mutum 400 a Gwammaja.